3.3 Ɗokin Jiran Fim da Tasirinsa ga Tarke: Nazarin The Phantom Menace

A wannan sashe za a duba yadda ɗokin da masu kallo kan yi kafin fitowar fim yake shafar hukuncin da suke yanke masa bayan sun gan shi. Abin ya fi tsanani a finafinan ƙagen kimiyya, wato waɗanda ake gina labarinsu a kan tafiya sararin samaniya da baƙin halittu da na'urorin da ba a kai ga ƙera su ba, irin abin da Umaru Dembo ya taɓo a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya. Dalili kuwa shi ne, mai kallon irin wannan fim yana jiran a nuna masa duniyar da idonsa bai taɓa gani ba, saboda haka tun kafin ya shiga silima ya riga ya ƙaga tasa a zuci. Misalin da aka zaɓa shi ne The Phantom Menace na George Lucas, wanda ya fito a Amurka ranar 19 ga Mayu, 1999.

Wannan fim na cikin jerin Star Wars ne, wanda aka fara a 1977, aka yi na biyu a 1980, na uku kuma a 1983. Daga nan sai aka yi shekara 16 babu wani sabo. Yaran da suka kalli na farko suna 'yan shekara goma sun zama magidanta, kuma duk tsawon lokacin nan suna ta saƙe-saƙen yadda Anakin Skywalker, mutumin kirki, ya rikiɗe ya zama azzalumin nan Darth Vader. Da aka saki tirela, wato guntun tallar fim, a watan Nuwamban 1998, mutane sun riƙa sayen tikitin wani fim dabam mai suna Meet Joe Black, su kalli tallar ta 'yan mintoci, su tashi su fice ba su tsaya ganin fim ɗin da suka biya wa kuɗi ba. A Hollywood kuwa wasu sun shafe fiye da wata guda suna kwana a layi a ƙofar silima.

Ba masu kallo kaɗai suka hura wannan wuta ba. Idan aka dubi hoton talla na farko da kamfanin Lucasfilm ya fitar, za a ga ƙaramin yaro tsaye cikin hamada, inuwarsa kuma ta faɗa jikin bango da siffar Darth Vader. Wannan hoto alkawari ne, domin ya gaya wa mai kallo cewa jigon fim ɗin shi ne lalacewar mutumin kirki. Amma da fim ya fito, sai ga shi an buɗe da rikicin haraji a kan hanyoyin kasuwanci da muhawara a majalisa. Anakin, ɗan shekara tara, bai bayyana ba sai da labari ya yi nisa, kuma har aka tashi bai aikata wani abin da zai nuna inuwar nan ba. Haka ma Darth Maul, mai jar fuska da takobin haske mai baki biyu, wanda aka cika tallace-tallace da hotonsa, maganganunsa a fim ɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma aka sare shi gida biyu a faɗan ƙarshe. Ke nan wani ɓangare na fushin masu kallo yana da hujja, tunda abin da aka tallata musu ba shi aka miƙa musu ba.

To amma wajibi ne mai tarke ya rarrabe tsakanin aibin da ke jikin fim da kuma ciwon da mai kallo ya shigo da shi daga gida. Daga cikin aibin da ke jikin fim akwai rashin tsayayyen tauraro. A fim ɗin 1977 mai kallo yana bin Luke tun daga gonar da ya tashi har fagen yaƙi, a nan kuwa an rarraba labari tsakanin Qui-Gon da Obi-Wan da Sarauniya Amidala da yaron, ba wanda za a ce labarinsa ne. Maganganun 'yan wasa ma a sandare suke, kamar masu karanta sanarwa. Wannan rauni ne na zubi da tsari, ko an yi ɗoki ko ba a yi ba.

Sukar da aka yi wa Jar Jar Binks, baƙuwar halittar nan mai yawan shirme, ta haɗa abu biyu. Akwai masu ganin an siffanta shi da irin wautar da tsofaffin finafinan Amurka kan jingina wa baƙar fata, kuma wannan suka ce da ta cancanci a saurare ta. Akwai kuma manya da suka ji haushi don kawai an yi shi ne saboda yara, alhali su ma suna yara lokacin da suka kamu da son Star Wars. Abin bai tsaya a kan takarda ba, domin Ahmed Best, wanda ya fito a matsayin Jar Jar, ya bayyana a 2018 cewa cin mutuncin da ya sha ya kai shi ga tunanin kashe kansa. Haka nan aka yi ta ƙorafi a kan wurin da Qui-Gon ya auna jinin yaron don ya san yawan ɓoyayyen ƙarfin da ke tare da shi. A ganin wannan nazari, ƙorafin bai shafi tafiyar labari ba sosai, abin da ya sosa wa mutane rai shi ne an mayar da abin da suka ɗauka na ruhi ya koma na ɗakin gwaji.

Kwatanci da The Matrix zai ƙara fito da batun fili. Shi ma a 1999 ya fito, a watan Maris, ba tare da wani ya yi shekara da shekaru yana jiransa ba, sai aka karɓe shi da mamaki. A bikin kyautar Oscar na 2000 ya ci kyauta huɗu, uku daga ciki su ne ainihin waɗanda The Phantom Menace ya nema ya rasa, har da ta dabarun hoto. Duk da haka fim ɗin Lucas ne ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a 1999, sama da dala miliyan 900. Wato ɗokin da ya jawo masa zagi shi ne kuma ya cika masa aljihu.

Kamfanin Disney, wanda ya sayi Lucasfilm a 2012 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 4, ya ɗauki darasi daga wannan, amma ta wata fuska. The Force Awakens na 2015 ya ba masu kallo daidai abin da suke jira: marainiya a hamada, na'ura mai ɗauke da sirri, da ƙaton makami mai tarwatsa duniyoyi. An karɓe shi hannu bibbiyu, ya tara sama da dala biliyan 2, sai dai babbar sukar da ta biyo baya ita ce kusan kwafin fim ɗin 1977 ne aka sake wa riga.