Matan da kiwo ya karɓa

A cikin Kiristocin Maraɗi da Tsibiri da ƙauyukan Jiratawa akwai wasu iyaye mata da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Su ne haihuwar shekarun 1930 da 1940, waɗanda suka yi aure lokacin da ikilisiyar ƙasar ke fara tsayawa da ƙafafunta, suka haifi fastoci da malaman lakwal da ma'aikatan asibiti. In ana tuna ɗayansu, akan ambaci yawan addu'arta, da muryarta a zumuntar mata, da marayun da ta riƙa. Duk gaskiya ne. Amma ba kasafai ake tsayawa a kan turken da ke bayan ɗakinta ba, alhali daga nan kuɗin littafi da na magani da kayan ɗakin 'ya'ya mata suka fito. Iyakar abin da akan ce shi ne kiwo ya karɓe ta, sai ka ce sa'a ce ta faɗo mata. A ganina ilimi ne da aka tara da ido da hannu shekara da shekaru, kuma ya cancanci a faɗi yadda yake.

Sai an san inda suka fito za a gane nauyin abin. Mishan ta SIM ta fara zama a Damagaram a 1924, ta buɗe tasha a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, a ƙarshen shekarun 1920, daga baya ta shigo Maraɗi, sannan a shekarun 1950 ta kafa asibitin kutare a Danja, kudu da birni. Mafi yawan waɗanda suka karɓi bishara a farko ba masu hannu da shuni ba ne. Akwai 'yan aikin gidan mishan, akwai ɗalibai, akwai waɗanda suka zo neman magani suka zauna. Har yau Kiristoci ba su kai biyu cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Wanda ya bar addinin gidansu yana iya rasa gado, ga shi kuma gona a ƙasar Maraɗi kullum ƙara tsukewa take saboda yawan jama'a. To macen da ba ta da tabbacin gamana, wato 'yar gonar kanta, mijinta kuma mai wa'azi ne ko lebura wanda samunsa bai taka kara ya karya ba, me za ta mallaka da sunanta? Akuya. Ba ta neman fili, ba ta neman takarda, kuma a al'adarmu abin da mace ta kiwata nata ne, maigida ba ya kai shi kasuwa sai da yardarta.

Kiwon nan ba na Kirista kaɗai ba ne. Maƙwabciyarta Musulma ma gwana ce, sau da yawa a wurin uwa ɗaya ko kaka ɗaya suka koya. Abin da ya bambanta shi ne ita ba ta da dangi masu yawa da za ta jingina da su, don haka kuskurenta ya fi tsada.

Allah ya ba ƙasar nan dabbar da ta dace da irin wannan mace, wato jar akuyar Maraɗi, wadda mutanen ƙetaren iyaka ke kira ta Sakkwato. Ba ta da girman jiki, gashinta gajere mai sheƙi, amma tana balaga da wuri, tagwaye kuma ba abin mamaki ba ne a wurinta. Cikinta wata 5 ne, kuma in tana samun abinci takan haihu sau uku cikin shekara biyu. Fatarta ta yi suna tun zamanin ayari: ana ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a arewacin Afirka da sunan fatar Maroko. Saboda darajarta ne gwamnati ta kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963 don kare irin. Sai dai ba cibiya ce ta riƙe irin nan a gidaje ba, tsofaffin matan nan ne, da zaɓen da suke yi.

Zaɓe shi ne farkon gwaninta. In gwana za ta sayi akuya, ba ta fara duba ƙiba. Takan buɗe baki ta ƙirga haƙoran ƙasa, domin akuya ba ta da na gaba a sama. Haƙoran nono ƙanana ne, manya biyu na farko suna fitowa bayan shekara guda, sauran su biyo bibbiyu har su cika takwas wajen shekara huɗu. Duk rantsuwar dillali ba ta wuce wannan shaida. Sai ta shafa hantsa ta ji ko akwai tauri ko ƙullutu, ta duba kan nonon biyu ko daidai suke, don akuya mai nono ɗaya ba ta rainon tagwaye. Ta ja fatar ido ta ƙasa: in ja ce lafiya lau, in ta yi fari to tsutsar ciki ta sha jininta. Ta leƙa ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo. Bayan duk wannan sai ta yi tambayar da ta fi muhimmanci: uwarta nawa take haifa? Shi ya sa ta fi son saye a hannun wadda ta sani a unguwa da ta saya a kara, inda ba a san asalin dabba ba. Wadda ta saya a kasuwa kuwa takan ɗaure ta gefe guda na wasu kwanaki kafin ta haɗa ta da sauran, tun kafin wani likitan dabbobi ya zo ya koyar da haka.

Ciyarwa ce ke raba mai kiwo da mai ajiye dabbobi. Da kaka kowa gwani ne, abinci na ko'ina. Gwana ita ce wadda a watan Oktoba take tunanin watan Mayu. Da an cire wake da gyaɗa sai ta sa 'ya'ya da jikoki ɗaurin harawa tun ganyen bai kaɗe ba, a ɗora bisa rumfa ko rufin ɗaki inda gara da raɓa ba su kai, a jera karmami da kowar wake. Ba ta taɓa wannan ajiya da sanyi, lokacin da dabbobi ke kalar gonaki. Sai bazara ta kama, ƙasa ta yi fari fat, farashin dami ya hau, sannan take saukewa kaɗan kaɗan, kuma ba kowa ke ci daidai ba: mai ciki da mai shayarwa su ne gaba, sai ragon turka, sai sauran. A ɗakin girki ba abin da ke zubewa. Dusar surfe tana da mai ita, ƙasari yana da mai shi, a ɗan jefa kanwa ko gishiri don su sha ruwa da kyau. Matan Jiratawa sun fi samun sauƙi tun da aka buɗe filin noman rani a farkon shekarun 1980, domin ciyawar bakin lambu da ragowar ganye, har da na zogalen da garin ya yi suna da shi, suna samuwa ko da rani. Na tudu kuwa gawo ne gatansu, itacen da ke yin ganye da rani ya zubar da damina, 'ya'yansa kuma suna faɗowa daidai lokacin da dabba ta fi bukata.

Tana kuma sanin abin da ke kisa. Ɗanyar ciyawar farkon damina in an cika ciki da ita da sassafe tana kawo kumburi, don haka takan fara ba su busasshen abu kafin a sake su. Gyauron dawa guba ne, yaron da ya bar akuya ta shiga cikinsa zai ji faɗan Inna. Da asuba, kafin a ɗora tukunya, takan zaga turke ta duba wadda ba ta tuƙa, wadda ta ware kanta, wadda ta sunkuyar da kai, da yadda kashinsu ya fito. Akuya ba ta nuna ciwo da wuri, in har kowa ya gani to an makara. Daren haihuwa ba ta barci sosai. Ta share wa ɗan hanci, ta bar uwar ta lashe shi, ta tabbatar ya sha dakashi nan take. In uku aka haifa, ta san ƙaramin ba zai samu nono ba sai an riƙe masa uwar, kuma takan riƙe, safe da yamma, har ya yi ƙarfi. Abin da ya rage na nono shi ke shiga furar yara.

Abin da ya fi burge ni, duk da haka, shi ne sanin lokacin sayarwa, don a nan ne masu ilimin boko da yawa ke faɗuwa. Macen nan da kalanda biyu take aiki. Ta farko ba ta motsi: lakwal na buɗewa a Oktoba, Kirsimeti na zuwa a Disamba, rumbu na yin ƙasa daga Yuni. Ta biyu ta wata ce, Babbar Salla na matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara. Ita ba ta layya, amma ta san ranar fiye da wasu masu yi. Wata uku ko huɗu kafin Salla takan sayi rago mai dogon ƙashi wanda bai yi ƙiba ba, balami ko uda, ta ɗaure shi a inuwa, ta yi masa maganin tsutsa, ta ciyar da shi har ya cika. Ta san sharuɗɗan maƙwabtanta sarai: ba a layya da mai ido ɗaya, ko gurgu, ko ramamme, ko marar lafiya. Ba ta sayen irin waɗannan, ba ta kuma ɓoye aibi. Wannan gaskiyar ita ce jarinta, domin alhajin da ya saya bara shi ke turo yaronsa bana. A cikin awaki kuwa akwai tsari: taure da bunsuru su ne na matsalar yau, tsohuwar da ta daina haihuwa ita ce ta biki, matashiya mai tagwaye ba a taɓa ta sai in rai ne a kan layi.

An gwada wannan tsari da wuta. A farin 1973 zuwa 1974, da yunwar 1984 da mutanen nan ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, da ta 2005 wadda Maraɗi ta ɗanɗana sosai, farashin dabba ya faɗi daidai lokacin da na hatsi ya tashi. Wadda ta jira har yunwa ta shigo gida ta sayar da akuya a kan 'yan tiyoyin gero. Wadda ta karanta damina tun watan Agusta ta rage garke da wuri, ta sayi hatsi, ta bar uwa biyu ko uku da za ta iya ciyarwa. Akuya kuwa ta fi saniya saurin farfaɗowa, cikin 'yan shekaru turke ya sake cika. A wannan zamanin ne ma, daga 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da SIM a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma su riƙa barin tohon kututture a gona su gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. An fi ba da labarin a kan itatuwa da amfanin gona, amma duk mai turke ta san ganye da 'ya'yan itacen da suka dawo a bakin wa suka ƙare.

Bangaskiyarta ba a majami'a kaɗai take zaune ba, tana shiga lissafin garken. In ta sayar, takan ware zakka kafin ta taɓa sauran, wata ma ɗan akuyar take ja zuwa sujadar godiya bayan girbi. In fasto na wa'azi a kan makiyayin da ya bar garke ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata, ita ba bayani take ji ba, ta sha fita da fitila tana bin lungu. Da Kirsimeti a gidaje da yawa Musulmi ake kira ya yanka, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba, kamar yadda su ma ke aiko mata da naman layya. Ga kuma bayar da riƙo, irin abin da Fulani ke kira habbanaye: ta ba gwauruwa ko amaryar da ba ta da komai akuya, in ta haihu ta yaye a maido uwar, 'ya'yan su zama na mai riƙo. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, sun tarar da mata da suka riga suka san amana da juya ɗan abu kaɗan. Jika ma da wuya ya yi wayo ba tare da Kaka ta nuna masa wata 'yar akuya ta ce wannan taka ce, je ka samo mata ciyawa. Da haka yaro ke koyon tashi da wuri, ita kuma ta samu mai taya ta.

Jikokinsu mata na cikin birni yau da wani hali suke fama. Gidaje sun matse, makiyayar bayan gari ta zama filoti, harawa sai an saya dami dami a bakin hanya, dusa kuma tana da farashinta a kasuwa. Akuyar da aka saki tana yawo takan cika cikinta da leda, ta riƙa ramewa tana ci, sai mahauci ya fasa ciki a ga dalili. Shi ya sa da yawansu suka bar garke suka koma turka zalla, rago ɗaya ko biyu a ɗaure, a yi musu rigakafi, a sayar da Salla. Lissafin ya zama na kuɗi tsantsa, a cire na harawa da na dusa da la'adar dillali a ga abin da ya rage. Amma har yanzu in za a sayi ragon, akan aika a ɗauko tsohuwar da ta rage a dangi daga Tsibiri ko Danja, ta zo ta buɗe masa baki ta shafa ƙashin bayansa kafin a biya.