Lasifika Ba Ta Shiga Tsakar Gida

Yau a kan masu yi mana wayar da kai game da kiwon lafiya zan yi magana, kuma tun kafin in fara ina neman afuwarsu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na san suna shan rana, ga hanyoyin Tsafe da Bungudu yadda suka koma a 'yan shekarun nan, mutum ya fita da safe bai san ko zai kwana a gida ba. Allah Ya saka masu da alheri. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu da ake yi dominmu dole mu faɗi inda aikin yake zuba.

Wata damina ina Kekun Waje wajen gwaggona, sai ga mota da lasifika a kanta ta biyo hanya tana shela, wai jama'a a kula da tsafta, a riƙa kai yara asibiti da wuri, rigakafi ya fi magani. Yara suka bi ta a guje, maza a majalisa suka ɗaga kai suka ci gaba da hirarsu. Mu kuwa muna cikin gida, ga ƙarar daka ga kukan goyo, kafin mu kasa kunne har ta yi nisa.

Ba a yi mako guda ba ɗan maƙwabciyarmu, yaro ɗan wata takwas, ya kama gudawa da amai. Uwar yarinya ce, haihuwar fari. Uwar miji ta duba ta ce haƙori ne, zai wuce. Na leƙa na ce mata ta kai shi asibiti, sai ta dube ni ta ce, "Yaya, ai ni ma na ji an ce a kai su. To da izinin wa? Maigida ya tahi Gusau, wayarshi ba ta shiga, kuma ko kwabo bai bar min na asibiti ba." Sai a kwana na uku ya dawo, lokacin idanun yaro sun faɗa, maɗiga ta lotsa, ko kukan kirki ba ya iyawa. Akuyarta guda ɗaya tilo aka sayar aka yi masa ƙarin ruwa. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba.

Kin ga wannan yarinya ba rashin ji ne ya same ta ba. Ta ji sarai. Abin da aka gaya mata ne ba ya hannunta. Wannan shi ne laifi na farko da nake gani a wayar da kan da ake yi mana: ana yi wa mace huɗuba a kan ƙofar da makullinta yake aljihun wani. Duk wanda ya san zaman aurenmu ya san mace ba ta fita sai da izini, kuɗin magani kuma daga maigida yake fitowa, sannan in uwar miji ta ce haƙori ne ko iska ce, amarya ba ta da bakin musu. To me ya sa ba za a bi maza masallaci da majalisa da kasuwa a gaya masu magana ɗaya tak ba? Malam, tun kana gida ka ba iyalinka izini cewa duk ranar da yaro ko ita kanta ta kwanta, ta tafi asibiti ko kana nan ko ba ka nan, kuma ka bar ɗan abin da za ta hau mashin. Da liman zai faɗi wannan ranar Juma'a, wallahi da ya fi mota goma masu lasifika. Su ma iyayenmu tsofaffi da ungozomomi a same su a wajen suna da biki, a yi masu bayani cikin girmamawa, don su ne alƙalan tsakar gida.

Laifi na biyu shi ne magana ba ma'auni. A ce maki "ki kula da tsafta", to wace mace ce za ta ce ita ƙazama ce? Kowa zai gyaɗa kai ya wuce. Da a ce wani ya zauna da yarinyar nan ya nuna mata ruwan gishiri da sukari da hannunsa, da akuyarta tana nan. Abin ba wuya: ruwa mai tsafta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Amma in ka ce wa matar ƙauye lita, da me za ta auna? Ce mata ledar fiya wata biyu, irin mai rabin lita, ko ka nuna mata a kofinta. Ka gaya mata ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali ko da yana amai, kada ta daina ba shi nono, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo, in kuma an samu na ƙunshi wanda ake kira ORS da ƙwayar zinc ya fi. Ka gaya mata haƙori ba ya sa maɗiga ta lotsa, in ta ga haka ko yaro ya ƙi shan komai, maganar gida ta ƙare sai asibiti.

Haka maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar duk wata a lokacin damina. Na kwana uku ne. Ma'aikaciya ta ba da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa na kwana biyu. In ta miƙa a tsaye tana sauri ta wuce gida na gaba, sau da yawa sauran sai ya ƙare a cikin kwalla, ana ajiyarsa wai sai yaro ya yi zazzaɓi. Minti biyu na bayani ne ya rage, aikin wata guda ya lalace.

Laifi na uku, ba a cika tunawa da mu ba sai an fara haƙa kaburbura. Ki tuna sanƙarau. A 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, ya kashe mutum fiye da dubu 11 a Nijeriya. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya dawo, a nan Zamfara ya fara kuma nan ya fi ɓarna, mutum fiye da dubu suka rasu a ƙasar. Allurar da aka yi ta yi wa jama'a tun daga 2011 ta nau'in A ce, wanda ya zo kuwa nau'in C ne, uwa tana ganin ai an yi wa ɗanta allura, ba ta san akwai bambanci ba. Ana cikin wannan hali a watan Afrilun 2017 gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta cutar da zunuban da mutane ke aikatawa, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya nuna bai yarda da hakan ba. Babu musulmar da ke musun cewa cuta da waraka duk na Allah ne, kuma malamanmu sun sha faɗa cewa neman magani ba ya rushe tawakkali. Amma uwar da ɗanta ke kwance abin da take bukatar ji daga bakin shugaba shi ne: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a kwana da shi a gida. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar na sanƙarau. Ke da kike karanta wannan, wa ya taɓa gaya maki? Tun sanyin hunturu ya kamata a fara wannan magana, kafin zafin bazara ya shigo da cutar.

Kada ki ce suka kawai na iya. A jihar nan tamu an taɓa yin wayar da kan da ta ci sunanta. A 2010 yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, fiye da 400 suka rasu. Likitocin MSF, waɗanda ake ce wa Na Gari Na Kowa, suka ankarar da duniya, bincike ya nuna gubar dalma ce. Maza ke kawo dutsen zinare gida, a daka a niƙa a tsakar gida, ƙura ta bi ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Masu aikin ba su tsaya a bakin titi ba. Sun shiga gida-gida tare da masu gari, aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa, aka ba yara magani, saƙon kuma ɗaya ne wanda kowa zai iya riƙewa, miji da mata: kada a sake sarrafa dutsen zinare a cikin gida. Mutuwar ta ragu ƙwarai. Ko da yake Bagega sai 2013 aka share ta saboda jiran kuɗi, darasin dai ya fito. Duk wadda mijinta ke zuwa haƙar zinare har gobe ta riƙe wannan, ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Mu ma fa mata da namu. Muna ɓoye ciwo saboda kunya da kara, har ciki sai ya tsufa sannan a je awo. Muna sayen ƙwayoyi a faranti wajen mai talla, rana ta gama dukansu. Zazzaɓi na sauka mu ajiye sauran magani. Kuma in ma'aikaciya ta shigo, sai mu yi ta "to, to" don ta tafi, alhali ba mu gane ba. Haba 'yar'uwa! Ki shimfiɗa mata tabarma, ki ce "Malama, nuna min da cokalina." Matambayi ba ya ɓata.

Ni dai shawarata, kada ki jira motar nan ta dawo. Yau da dare bayan maigida ya ci tuwo hankalinsa ya kwanta, ki roƙe shi izinin nan tun kowa yana lafiya, in da hali a gaban uwarsa. In kin ɗauki adashi ki ware wani abu ki ƙulle, ki ce wannan na asibiti ne, ko biki ya zo kada ki taɓa. Ki sayi ƙunshin ORS biyu ki ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba. In kuma kina da ƙanwa ko maƙwabciya mai haihuwar fari wadda ba ta iya karatu ba, ki karanta mata wannan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya zaunar da jiharmu lafiya, amin.