Saye Ko Haya? Sharhi a Kan Cinikin Littafin Na'ura

A shekarar 2009 kamfanin Amazon ya goge littafin George Orwell, 1984, daga na'urorin Kindle na waɗanda suka riga suka biya, domin wanda ya kai shi kasuwar ba shi da izini. An mayar musu da kuɗinsu, amma me suka saya tun farko? Ba mu ƙi marubuci ya ci guminsa ba. Sai dai littafin takarda mukan ara wa maƙwabci, mu bar wa 'ya'ya gado. Wannan kuwa an sa masa kwaɗo, makullin yana hannun mai shago. Har ɗakunan karatu ba su tsira ba: a 2011 kamfanin HarperCollins ya ƙayyade musu aro 26, daga nan su sake biya, alhali ba shafin da ya yage.