Tsire ko «brochette»?

Ran Lahadi na kai Kawu wani restora nan Tawa. Takardar abincin duk Faransanci: «brochettes», «riz sauce», «fromage local». Ƴan uwa, wanga «fromage» fa cukun Abalak ne! Tsiren da mai tukuba ke yanka maka da albasar Galmi a dala ɗari, nan jikka biyu, don kawai an sake mishi suna.

Kawu ya yi yaƙi da jahilci, yana karanta Hausa sarai. Ya juya takardar, ya aje, ya ce ya ƙoshi. Kunya ce.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Masu restora, ku rubuta tsire bisa, Faransanci ƙasa saboda baƙi.