Tauraron da 'Yan Kallo Suka Ƙi: Nazarin Zubi a Wasan Kwaikwayon Talabijin Mai Dogon Zango

1.0 Gabatarwa

A wasan kwaikwayon talabijin mai dogon zango akwai wata dabara ta zubi, inda akan ware kashi guda a ɗora shi kacokan a kan tauraro ɗaya, sauran taurari su koma gefe. Sau da yawa irin wannan kashi kan gamu da ƙorafin 'yan kallo, har a yanke hukunci cewa labarin tauraro wane ba ya da armashi. Wannan maƙala za ta duba misalai uku daga Amurka, domin gano inda aibin yake: a jikin tauraron ne, ko kuwa a yadda marubuci ya ƙulla zaren labarinsa?

2.0 Baƙin Tauraro: Nikki da Paulo

Wasan Lost, wanda tashar ABC ta nuna daga 2004 zuwa 2010, an gina shi ne bisa wannan dabara. Jirgin sama ya faɗi a wani tsibiri, sai kusan kowane kashi ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, ya yi waiwaye ga rayuwarsa ta baya. A zango na uku, cikin 2006, marubutan suka shigo da Nikki da Paulo, suka nuna cewa tun farko suna cikin fasinjojin. 'Yan kallo ba su karɓe su ba, domin sun shafe zango biyu ba su taɓa ganinsu ba.

Kashin da aka keɓe musu, mai suna "Exposé", ya fito a Maris na 2007. A ciki aka bayyana cewa sun kashe wani mai shirya wasanni da guba, suka sace lu'ulu'unsa. Kwaɗayin dukiyar ya raba su, cizon wani gizo-gizo ya sandarar da jikinsu, abokan zamansu suka ɗauka sun mutu, suka binne su da ransu. Idan aka ɗauki kashin shi kaɗai, yana da jigo bayyananne, wato sakamakon haɗama, kuma warwararsa ta tafi daidai. Matsalarsa ita ce an nemi mai kallo ya damu da makomar mutanen da ba a ba shi lokacin saninsu ba. Da ma Hausawa sun ce sabo turken wawa.

3.0 Sanannen Tauraro, Labari Mara Amfani

Misali na biyu ya nuna cewa farin jinin tauraro bai isa ya ceci kashi ba. Jack shi ne babban tauraron Lost, amma kashin "Stranger in a Strange Land" na Fabrairun 2007, wanda ya koma ƙasar Tailan don bayyana asalin zanen da ke jikinsa, yana cikin waɗanda aka fi kushewa. Dalili kuwa shi ne waiwayen ya amsa tambayar da ba ta dami kowa ba, alhali manyan tambayoyi game da tsibirin suna nan a rataye. Ke nan waiwaye ya tashi daga matsayin dabarar fito da hali, ya zama hanyar cika lokaci. A Mayun shekarar ne ABC ta sanar da cewa wasan zai ƙare a 2010, abin da ya ba marubutan damar sanin inda suka dosa.

4.0 Tauraron da Aka Ƙi, Labarin da Aka So

Misali na uku shi ne Lwaxana Troi ta wasan Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994. Majel Barrett ce ta fito a wannan matsayi, na uwa mai surutu da shisshigi da neman miji, kuma 'yan kallo da dama sukan ƙosa da zarar sun ga kashin nata ne. Amma a "Half a Life" na 1991 ta kamu da son wani masanin kimiyya, wanda al'adar mutanensa ta wajabta wa kowa ya kashe kansa idan ya cika shekara 60. Nan take taurin kan da ake jin haushi ya zama makamin ƙalubalantar al'ada, kuma kashin ya sami yabo. Halin bai canja ba. Abin da aka ɗora masa ne ya yi nauyi.

5.0 Kammalawa

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da sharuɗɗa uku. Na farko, sai an shuka tauraro a idon mai kallo kafin a ba shi kashi nasa. Na biyu, dole labarinsa ya motsa babban jigo, ko da taki ɗaya ne. Na uku, ya kasance akwai abin da tauraron zai rasa ko zai samu.

Wannan batu ya shafi wasannin Hausa na yanzu, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, waɗanda su ma suke tafe da taurari masu yawa da zaren labari barkatai. Wajibi ne manazarci ya bambance ƙorafin 'yan kallo da hukuncin nazari. Idan aka ce an gaji da wani tauraro, sai a fara tuhumar alƙalamin da ya tsara shi kafin a ɗora wa ɗan wasa laifi, domin cire tauraro daga wasa ba ya gyara zubin da ya karkace.