Mutumin da Ya Zaɓa wa Sarauniyar Zuma Miji

Makiyayi in yana son 'yan maruƙa nagari, bijimin da ya yarda da shi yake sakawa cikin garke. Mai kiwon zuma ba shi da wannan gata. Sarauniya a sararin sama take barbara, nesa da amya, da maza goma ko ma fiye, duk wanda ya cim mata. Abin da ta samu a wannan fita shi za ta ajiye a jikinta, ta yi ta zuba ƙwai da shi iya rayuwarta. To ta yaya mutum zai gyara irin halittar da bai san ubanta ba?

Wannan matsala ce Karl Kehrle, wanda aka fi sani da Brother Adam, ya ƙarar da rayuwarsa a kanta. An haife shi a Jamus a 1898, aka kai shi gidan zuhudu na Buckfast a Ingila yana yaro. Ya fara aikin zuma a 1915, daidai lokacin da wata annoba ke karkashe ƙudan zuman ƙasar. Cikin amya 46 na gidan, 16 kaɗai suka tsira, kuma ya lura masu jinin zuman Italiya ne suka sha. Nan ya gane ana gadon juriya.

Dabararsa ta birge ni ƙwarai. A 1925 ya kafa wurin barbara a Dartmoor, wani tudu mai sanyi da iska, inda babu wasu ƙudan zuma kusa. Sai ya kai budurwar sarauniya can tare da mazan da ya zaɓa kawai. Ta tashi sama yadda ta ga dama, amma ba za ta tarar da kowa ba sai su. Bai hana ta ɗabi'arta ba, filin ya share mata.

Samar da sarauniyar kanta aikin hannu ne mai laushi. Ana ɗauko tsutsar da ba ta wuce kwana ɗaya da ƙyanƙyashewa ba, ƙanƙanuwa har da kyar ido ke ganinta, a sa ta cikin ɗan ƙoƙon kaki, a miƙa wa ma'aikatan da aka raba da uwarsu. Su kuwa sai su yi ta ɗura mata abincin sarauta. Kwana 16 daga ƙwai, sarauniya ta fito. Hannu ya ɗan yi rawa, tsutsa ta mutu.

Sannan sai haƙuri. Yakan gwada kowane dangi, ya rubuta: suna da faɗa? Suna yawan yin ƙaura? Nawa suke tarawa? Suna jure hunturu? Haɗi ɗaya kan ci kusan shekara goma kafin ya amince ya shigar da shi cikin irinsa, kuma da yawa ya watsar ba tare da waiwaye ba. Wannan, a ganina, ya fi komai wuya.

Daga 1950 ya shiga yawon neman iri: Girka, Turkiyya, har dausayoyin Sahara a Maroko. A 1987, yana da shekara 89, aka ɗauke shi a kujera aka hau da shi tsaunin Kilimanjaro don neman baƙin ƙudan zuman tuddai. Ya rasu a 1996, kuma har yau masu amya a ƙasashen Turai da dama na kiwon irin da ya samar, wanda ake kira Buckfast, saboda sanyin halinsa da yawan zumansa.