Ɗamarar Sassaƙen Haikalin Fartenon: Biki ne ko Hadaya? Tarken Ra'ayin Connelly

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna wani ra'ayi da ya raba kan masana fasahar Girkawa tun shekarar 1996, sa'ad da Joan Breton Connelly ta fito da sabuwar fassara ga sassaƙen haikalin Fartenon. An gina haikalin a kan tudun Akrofolis na birnin Atina tsakanin 447 da 432 kafin Miladiyya, domin allahiyar birnin, watau Atena. A saman bangonsa akwai jerin sassaƙen dutse da ya zagaye ginin kamar ɗamara, tsawonsa mita 160, ɗauke da mahaya dawaki, da karusai, da makaɗa, da shanu da tumaki na yanka. Babu marubucin zamanin da ya bar mana bayaninsa. Ko Fausaniyas, wanda ya zagaya wuraren ibadar Girka a ƙarni na 2 na Miladiyya, ya ambaci gumakan gaba da bayan haikalin, amma ya tsallake ɗamarar.

Tun ƙarshen ƙarni na 18, bisa ga hasashen Stuart da Revett, aka ɗauka cewa ayarin bikin Fanatenaya aka sassaƙa, inda mutanen Atina kan kai wa gunkin allahiyarsu sabuwar tufa. Hujjar tana tsakiyar ɓangaren gabas, wanda yake Landan tun bayan da Elgin ya kwashe shi. A nan ga namiji babba da wani yaro suna riƙe da naɗaɗɗen ƙyalle, ga mace tana tarbar 'yan mata biyu masu kujeru a ka, sa'an nan alloli goma sha biyu suna zaune, sun ba mutanen nan biyar baya.

Connelly ta ce a'a. A ganinta tatsuniyar Sarki Erektiyus ce. Yumolfas ya kawo wa Atina yaƙi, aka je neman duba a Delfi, aka ce birni ba zai tsira ba sai sarki ya ba da 'yarsa hadaya. Ke nan namijin shi ne sarki, macen kuwa matarsa Faraksitiya, wanda ake ɗauka yaro ne 'yar autarsu ce, ƙyallen kuma likkafaninta. Alloli sun kau da fuska ne domin bai dace su kalli mutuwa ba. Ta dogara da wasan kwaikwayon Yurifidis mai suna Erektiyus, wanda aka buga wani babban yanki nasa a 1967, bayan an ɓamɓaro shi daga takardun da aka naɗe wata tsohuwar gawa da su a Masar.

Dole mu yarda cewa tambayarta ta kama. Sauran sassaƙen haikalin duk tatsuniya ne: haihuwar Atena, takararta da Fosaidon, yaƙin alloli da ƙattai. To, don me ɗamarar kaɗai za ta zama hoton mutanen gari? Har ila yau, idan bikin ne, ina sojojin ƙasa masu garkuwa, waɗanda su ne ƙashin bayan rundunar Atina? Masu tsohon ra'ayi ba su amsa wannan yadda zai gamsar da mu ba.

Amma kama tambaya daban, kama amsa daban. A wurin da aka ce za a yanka 'yar sarki babu wuƙa, babu bagade. Masassaƙan Girka kan sa wa jarumin tatsuniya wata alama domin mai kallo ya gane shi, balle a sassaƙen da yake can sama, kusan mita 12 daga ƙasa, a cikin inuwar ginshiƙai. Sa'an nan akasarin masana suna sa wasan Yurifidis a wajen 422, fiye da shekara goma bayan an gama aikin, kuma an san mutumin da sake wa tatsuniya fasali yadda ya ga dama. Ba za mu iya auna dutsen da mudun wasan da ya zo bayansa ba. Ƙa'idar cewa haikali ba ya ɗaukar komai sai tatsuniya ita ma ba ta tsaya daram ba, domin a ɗan haikalin Atena Nike da ke kan tudun, masana da yawa suna ganin yaƙin Girkawa da Farisawa ne aka sassaƙa, wanda tarihi ne.

Batun bayan alloli shi ne mafi rauni. Sun fuskanci ayarin da yake tahowa ta hagu da dama, kuma mai sassaƙa a kan shimfiɗaɗɗen dutse ba shi da hanyar nuna zaman da'ira sai ya raba mazauna gida biyu. A nan muna ganin matsalar sana'a ce aka mayar ta zama aƙida.

Abin da muke ƙi shi ne yadda littattafan da muke koyarwa da su suke rubuta sunan bikin a ƙarƙashin hoton, kamar masassaƙin ne ya faɗa. Hasashe ne na ƙarni na 18, ko da yake mun fi karkata gare shi. Ɗalibin da za a nuna wa dutsen nan ya cancanci a gaya masa cewa har jinsin yaron da ke riƙe da ƙyallen ba a daidaita a kansa ba.